Dutsen Iyaka Ba Ya Motsi

A masarautar Gindin Tsamiya komai da mazauninsa. Sarki Toron Giwa yana tsaye a inuwar tsamiyar da kakanninsa suka tsaya, fuskarsa na duban kudu. Fadawa suna gabansa, kowa a gurbinsa. A bayansa, ta arewa, akwai gidan Muzuru, wanda ake kira Sarkin Tarbiyya. Can nesa kuma, tafiyar da sai an yi guzuri, akwai Dutsen Iyaka.

An ce a zamanin da, dabbobin Tsamiya da na Fadama sun yi ta faɗa har suka gaji. Suka haɗu a wani fili, suka ga wani dutse mai doro, suka ce shi ke nan: daga mafitar rana a bi ta kan dutsen nan zuwa mafaɗarta, kudu na Tsamiya, arewa na Fadama. Aka yi rantsuwa aka watse. Da a ce wani cikin kakannin ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin dutsen, da ya ga ƙafafu huɗu. Amma manya ba sa sunkuyawa a gaban baƙi.

Tun daga ranar doka ta kafu cewa Dutsen Iyaka ba ya motsi, kuma duk wanda ya ce yana motsi ya ci amanar ƙasa. Ba mai tsallake iyaka sai da izinin Hakimin Kan Iyaka, shaidar izinin kuwa gashi ɗaya ne da hakimin zai cire daga tsakar kansa ya miƙa wa matafiyi. Wanda ya tsallaka babu gashi, Sarki da kansa yake taka shi, don ya nuna yana kusa da talakawansa. Hakimin kuma yakan bar 'ya'yansa a gidan Muzuru su sami tarbiyyar fada. In ƙasa ta ƙaru a zamaninsa, a ƙara masa rawani. In ta ragu, a rage masa nauyin iyali daidai gwargwado. Ba a taɓa jin yaron da ya koka da tarbiyyar Muzuru ba, musamman cikin waɗanda suka kammala.

A shekarar da muke magana, sarautar hakimin ta faɗi babu mai riƙo. Sai ga wani zabo mai suna Nomau, wanda bai taɓa buɗe baki a taro ba, sai dai in ya ga inuwar shaho. Abin da kawai aka san shi da shi, damina ta yi kyau, ƙwan matarsa Tasalla duk suka ƙyanƙyashe, ko ɗaya bai yi bara-gurbi ba. Aka aika masa ya zo fada da iyalinsa. Ya zo yana zaton rabon gero za a yi.

Waziri Hankaka ya gyara farar rigarsa, ya yi gyaran murya.

"Allah ya ja zamanin Toron Giwa, wanda in ya yi tari ƙasa ta amsa! Mun nemi mai ilimi, muka samu, amma gwauro ne. Mun nemi jarumi, muka samu, amma ɗansa ɗaya, shi ma ramamme. Sai Allah ya haɗa mu da wannan bawa nasa, wanda cancantarsa ke biye da shi a layi tana kuka. Fadawa, ku dubi yawan cancantar nan!"

Fadawa suka duba. Muzuru ya fi kowa dubawa, har ya haɗiyi yawu irin na mai kishin ilimi.

Kafin Nomau ya gane inda aka dosa, rawani ya hau kansa. Da ya gane, sai ya bi Muzuru, wanda ya tasa yaran gaba, har ƙofar gida yana roƙo.

"Ranka ya daɗe, ita Kyauta ba ta shan ruwan sanyi da safe, tari yake sa ta. Barmo kuwa in ka ji ya yi shiru, to ɓarna yake yi. Shi ƙaramin, Tunau, ba ya cin gara sai an cire mata kai, kuma..."

"Kwantar da hankalinka, Hakimi," in ji Muzuru. "Ni ma ƙaramin nan ya fi shiga raina."

Da wannan lallashi Nomau da Tasalla suka kama hanyar arewa.

Aikin kan iyaka ba shi da yawa. Hakimi ya ba matafiya gashi, ya raba faɗan 'yan ci-rani, ya kuma shafe Dutsen da man kaɗe kowace safiya don kada rana ta tsaga shi. Safiyar farko Nomau ya zo da ƙoƙon mai, ya durƙusa yana shafawa yana addu'a, sai dutsen ya ce, "Ɗan yi hagu, yaro. Can yake yi mini ƙaiƙayi."

Nomau ya yi tsalle har rawaninsa ya maƙale a ƙaya. Wani tsohon kai mai tamoji ya leƙo daga ƙarƙashin dutsen, yana ƙifta ido a hankali.

"Sunana Cindo. Kai ne sabon? Wancan na baya hannunsa ya fi naka laushi."

"Baba, ka rufa mini asiri! Kai kunkuru ne!"

"Haka uwata ta gaya mini."

"To ai doka ta ce ba ka motsi!"

"Ni ba a tambaye ni ba," in ji Baba Cindo. "Barci nake yi, na farka na tarar an yi mini tuta. Amma ban ƙi ba, saboda man nan."

Ya miƙa wuya ya ɗauki wata nunanniyar kanya da ta faɗo, ya ja jiki taku ɗaya zuwa ga ta gaba. Nomau ya duba, sai ya ga itatuwan kanya sun yi jere sun nufi arewa. Ya koma gida ya kwanta rub-da-ciki.

"Mene ne kuma?" in ji Tasalla.

"Iyakar tana cin kanya."

"Ina ta nufa?"

"Arewa."

"To tashi ka ci abinci. Ranar da ta juyo ka yi kukan."

Haka kuwa aka yi. Kowace kaka Waziri Hankaka yakan tashi daga fada ya zo duba iyaka, ya tarar tafiyar ta fi ta bara tsawo, ya koma da albishir. A tara fadawa a buga tambari. A ce Toron Giwa ya ci sabuwar ƙasa ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Shi kuma Nomau a kira shi a ɗora masa rawani a kan rawani. Aka naɗa shi Mai Tura Fadama, aka ƙara masa da Garkuwan Arewa, maroƙa suka yi masa waƙar yaƙe-yaƙen da bai san an yi ba, har yakan tsorata da kansa in ya ji. Su kuwa dabbobin Fadama, da yake dokarsu irin wannan ce, sai majalisarsu ta sanar cewa ƙasarsu tana ƙara haɗa kai, shi ya sa take matsewa.

A irin wannan zuwa ne kaɗai Nomau yake hango 'ya'yansa, ta ƙarƙashin cikin Sarki, suna leƙe ta dannin gidan Muzuru. Duk suna nan. Amma sun yi ɓul-ɓul, wuyansu har ya ninke, abin da ya fi ramewa tayar masa da hankali.

"Kin ga ƙibar Tunau?" yakan tambayi Tasalla a hanyar komawa.

"Na gani."

"Mu ba mu da ƙiba a danginmu."

"Na sani, Malam. Yi tafiya."

Ana nan, gashin kansa yana ta ƙarewa. Fatake su karɓa, masu zuwa biki su karɓa, masu gudun surukai su karɓa. Wanda matafiya suka bari, tunani ya kwashe. Da ya cire rawunan sai ka ga sanƙo fetal, gashi guda ɗaya tak ya rage a tsakiya yana kaɗawa kamar dawa a gonar rago.

Sai wata safiya a farkon damina ya zo da ƙoƙon mai, ya tarar da Baba Cindo ya ba arewa baya.

"Baba, ka ɓata hanya. Kanya tana can."

"Na ƙoshi da kanya. Gida za ni."

"Wane gida? Ai gidanka yana bayanka, a goye!"

"Inda aka ƙyanƙyashe ni nake nufi. Akwai wata tsamiya can kudu, da rami mai sanyi a tsakanin saiwoyinta. Tsufa ya zo, yaro. Can nake so in kwanta."

Tsamiya ɗaya ce a kudu, kuma Nomau ya san wanda ke tsaye a ƙarƙashinta.

"Baba, kowane taku da ka yi, ɗana ne kake takawa! Ka dubi Allah, ka dubi man da na shafa maka shekara da shekaru!"

"Na duba. Ka yi ƙoƙari. Matsa mini."

Nomau bai matsa ba. Ya sa ƙirji ya tokare, Baba Cindo ya tura shi kamar ana share tsakar gida. Ya hau bayansa ya zauna da duk rawunansa don ya yi masa nauyi, sai ya zama an ɗauke shi kyauta zuwa inda ba ya son zuwa. Ya zagaya ya nuna masa yamma ya rantse cewa nan ce kudu. Tsohon ya ce shi ba ya musu da hukuma, ya ci gaba da tafiyarsa. Kafin gero ya fitar da kai, iyaka ta cinye nasarar bara da ta bara waccan. Wata rana da hantsi ta bi ta tsakar gidan hakimi, ta ture tukunya, ta wuce. Tasalla tana shanya a arewacin gidan, sai ta wayi gari 'yar ƙasar Fadama.

Nomau ya tsaya ta kudu yana kuka. "Kin tsallake iyaka babu gashi! Za a taka ki!"

"Ni ban tsallake iyaka ba, iyaka ce ta tsallake ni. Share hawayenka ka saurara. In kaka ta yi, Waziri ya zo ya sami Baba Cindo a nan, yara nawa za a rage mana?"

"Sai dai a bar mana Kyauta, saboda tarin."

"In kuma ya same shi a can inda yake son zuwa fa?"

"A gindin tsamiya? A ƙarƙashin Sarki?"

"Gidan Muzuru ta ina yake da tsamiyar?"

Nomau ya yi lissafi. "Arewa," ya ce a hankali. Can kuma ya girgiza kai. "Amma da tafiyar nan tasa, sai jikokinmu sun yi furfura."

"Shi ya sa Allah ya halicci jaki," in ji Tasalla.

Akwai wani jaki mai suna Arzika, wanda ya shekara yana wucewa da kanwa ta bayan gari ba tare da ya nemi gashin kowa ba. Da ya ga hakimi a ƙofarsa ya ɗauka kamu ne, ya fara rantsuwa cewa kanwar ta marayu ce. Da ya ji abin da ke tafe da su, sai ya zauna daɓas.

"Ranka ya daɗe, na fitar da kanwa, na shigo da gishiri, har amarya na taɓa tsallakarwa a cikin buhu. Amma ban taɓa yin fasa-ƙwaurin iyakar da kanta ba. In aka kama ni, a wace ƙasa za a hukunta ni?"

"Rabinka na gaba a tamu, na baya a tasu," in ji Tasalla.

"To a yi ta bayan. Can na saba shan duka."

Aka ɗora Baba Cindo a mangala, aka sa tulun man kaɗe a ɗaya gefen don ta daidaita. Nomau yana gaba, a cikin ƙasarsa. Tasalla tana baya, a ƙasar waje. Duk ƙauyen da suka ratsa, mazauna su kwanta 'yan Tsamiya su tashi 'yan Fadama, ba su kuma ga bambanci ba, sai dai an daina zuwa karɓar musu gero.

Suka iso ranar Taron Kaka, daidai lokacin da Waziri yake jawabin tashi zuwa duba iyaka. Al'adar fada ce a lumshe ido in Waziri yana magana, don a nuna jawabin yana ratsa jiki. Arzika ya sauke kayansa a bayan Sarki ya yi gaba abinsa. Baba Cindo ya shaƙi iska, ya ce, "Yauwa." Ya bi ta tsakanin ƙafafun Sarki na baya, ya sami raminsa a saiwar tsamiya, daidai ƙarƙashin cibiyar mai martaba, ya kwanta. Nomau ya zagaya ya tsaya a gaban Sarki.

"...saboda haka," Waziri yana cewa, "yau ma zan ɗauki wannan doguwar tafiya, wadda tsawonta shi ne ma'aunin girmanmu." Ya buɗe fukafukai.

"Ranka ya daɗe," in ji Nomau, muryarsa kamar ta ɗan tsako, "ba sai ka wahala ba. Ga shi nan."

Idanu suka buɗe. Ga Dutsen Iyaka yana ƙyalli da mai, ga 'yar tutarsa a karkace. Sai dutsen ya leƙo da kai ya ce, "Sannunku da rana. Wannan ƙaton ya ɗan matsa mana, ya tare iska."

Muzuru ne ya fara zabura. "Kunkuru ne! Ga kai, ga ƙafafu! Tafiya ya yi ya zo! An cinye rabin ƙasa, doka ta ce a rage wa zabon nan..."

"Sarkin Tarbiyya," in ji Waziri a sanyaye, "me ka ce dutsen ya yi?"

Waziri ba wawa ba ne. Cikin ƙiftawar ido ya lissafa cewa in dutse yana tafiya, to duk nasarorin baya ma tafiyar kunkuru ce, da tambarin da aka buga, da farar rigar da aka ba shi tukuicin albishir. Fadawa ma kowa ya taɓa rawaninsa. Suka juyo suna duban Muzuru kamar yadda shi yake duban 'yan makaranta.

Muzuru ya lashi leɓe. "Cewa na yi... dutse ne mai kyau. Har kamar zai yi magana."

Sarki, wanda bai taɓa ganin ƙarƙashin cikinsa ba tun yana yaro, ya yi gurnani. "Waziri, mene ne a ƙarƙashina?"

"Iyakar ƙasarka ce, ranka ya daɗe."

"Yaushe ta zo?"

"Ba ta zo ba, Toron Giwa, dutse ba ya motsi. Fadarka ce ta yi ta bunƙasa har ta kai iyaka. Kakanninka sun yi mulki daga nesa suna jin labarin iyaka a bakin tsuntsaye. Kai kaɗai ne ka tsaya a kanta da ƙafafunka. A buga tambari!"

Aka buga. Fadawa suka yi ta faɗuwa suna gaisuwa. Ana cikin haka Muzuru ya sulale, ya nufi gidansa ta gefen Sarki, yana cewa bari ya je ya duba yara, yau akwai jarrabawa. Nomau bai san lokacin da ya tare gabansa ba.

"Ina gashinka?"

"Wane gashi? Gidana za ni, kai ɗan tsuntsu!"

"Gidanka yana arewa da Dutse. Ƙasar Fadama ke nan. Ba a tsallakawa sai da izinin hakimi." Ya gyara rawaninsa. "Ni ne hakimin."

Sarki ya ji an ambaci tsallakawa babu izini, sai ya ɗaga ƙafar gaba, don aikin da ya fi ƙwarewa a kai ke nan. Muzuru ya dubi tafin ƙafar, ya ja da baya, ya sassauta murya.

"To, Hakimi, Garkuwan Arewa, a taimaka mini da gashi."

Nomau ya kwance rawunan ɗaya bayan ɗaya. Sanƙon ya bayyana, da gashin nan guda yana kaɗawa. Muzuru ya miƙo hannu.

"Tsaya," in ji Nomau. Ya juya ga Waziri. "Ranka ya daɗe, akwai wanda ya riga shi. Mai martaba, daga cibiya zuwa wutsiya, yana ƙasar waje babu izini."

Wani ƙaramin bafade ya ce ai sai Sarki ya ɗan matso gaba taku biyu. Waziri ya ce wannan gudu ne a gaban Fadama, aka fitar da bafaden. Sarki ya waiga yana neman bayansa, yana tunanin yadda zai taka kansa da kansa, don shi mai bin doka ne. Nomau ya sunkuya, ya tsige gashin na ƙarshe, aka ɗaura shi a wutsiyar mai martaba. Aka sake buga tambari.

"Ni fa?" in ji Muzuru.

Nomau ya nuna masa kai. "Sai sabo ya tsiro. Ka riƙa leƙowa."

A can ƙasar waje, taku kaɗan daga nan, Tasalla ta riga ta ture dannin gidan Muzuru. Yara suka fito rututu suna tangaɗi saboda ƙiba. Nomau ya leƙa ta ƙarƙashin cikin Sarki yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa, har ya zo kan Tunau, wanda ya amsa da baki cike da gero.

"Kyauta! Wa ya ba ki ruwan sanyi? Na ji tarin! Barmo, sauko daga nan, ba gidanku ba ne!"

A wannan shekara aka ƙara wa Nomau sarautar Ɗan Iyan Cibiya, saboda shi ne hakimi na farko da ya kawo aikinsa kusa da hukuma. Har yanzu yana shafa wa Dutsen mai kowace safiya. Muzuru ya koma kwana a zauren Waziri, ya rame, kullum da hantsi yakan zo ya gaida hakimi da ladabi, ya roƙi a cire rawani ya duba. A cire. Ya duba gaba, ya duba baya, ya yi ajiyar zuciya ya tafi.

Masana a fada sun yi ta muhawara a kan abin da ya hana gashin zabo tsirowa, wasu suka ce nauyin rawani ne, wasu suka ce hasken mulki. Ba wanda ya lura cewa kowace safiya, kafin Muzuru ya iso, hakimin yakan miƙa wuya ta kan Dutsen zuwa ƙasar waje, Tasalla ta duba sanƙon da kyau, in ta ga wani abu ya leƙo ta tsige.

"A hankali mana," yakan ce.

"Tsaya cik, Malam. Ga wani can yana shawara."